Abin da ya faru da manhajarmu a allon 150%, da yadda na gyara shi

Manhajar lissafi da muke haɗa wa masu injin casar shinkafa a Birnin Kebbi da Argungu, da Qt 5, wani kayan aikin gina manhajoji, aka fara rubuta ta, tana aiki a Windows da Linux da Mac. A tsofaffin laftof masu allon 1366x768 lafiya lau take. Da aka ɗora ta kan masu 1920x1080 da aka saita girman abin da ke kan allonsu a 150%, sai rubutu ya girma amma akwatunan suka tsaya yadda suke, har sifilin ƙarshe na kuɗin buhu ya ɓuya. Ga mai saye da sayarwa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

DPI shi ne yawan ɗigo a inci ɗaya. Windows ta ɗauki DPI 96 a matsayin 100%, don haka 125% shi ne 120, 150% kuma 144. Duk faɗin da aka rubuta da fiksel (ɗigon allo) tsayayye ba ya bin wannan lissafi. Ƙaramar manhajar da ke karanta sikelin awo kuwa dishi-dishi ta yi, domin ba ta sanar da Windows ta san DPI ba, sai aka zana ta a 96 aka ja hoton kamar roba. Maganinta layi ɗaya ne a fayil ɗin manifest da ke bayyana wa Windows manhajar, wato saitin PerMonitorV2, wanda ya zo da Windows 10 bugu na 1703 a 2017.

A babbar manhajar kuwa, na kunna AA_EnableHighDpiScaling, saitin Qt da ke sa ta bi ma'aunin allo, sai wata matsalar ta ɓullo: Qt 5 na mayar da 1.5 ya zama 2, taga ta fi ƙarfin allo, maɓallin ajiya ya faɗa ƙasa. Daga bugu na 5.14 ana iya zaɓar PassThrough don 1.5 ya zauna a 1.5, a Qt 6 kuma haka yake zuwa.

A nan aikin yake. Layi mai kaurin fiksel 1 ya koma ɗaya da rabi, kuma babu rabin fiksel a allo, shi ya sa layukan jadawali suka fito wani siriri wani mai kauri. Na koma lissafa mazaunin kowane layi da fiksel na zahiri, in cike shi zuwa cikakkiyar lamba kafin zane. Hoton da manhaja ke ajiyewa a ƙwaƙwalwa dole a ninka girmansa da devicePixelRatio, wato lambar ma'aunin allon (kamar 1.5 a 150%), a kuma sake zana shi in an ja taga zuwa wata monita mai ma'auni daban. Tambura duk na mayar da su SVG, nau'in hoton da ba ya dishi-dishi in an ƙara girmansa.

Mac ba ta ba ni wahala ba, ma'auninta 1 ne ko 2. Linux kuwa tsarin nuna taga biyu gare ta, sai an gwada X11 daban, Wayland daban.

Rasit kuma kada a haɗa shi da ma'aunin allo sam. Firintar rasit ta takarda mai milimita 80 yawanci DPI 203 take, ɗigo 576 a faɗi, don haka da milimita nake auna shi.

Abin da na fi so masu wannan aiki su lura da shi: allon 1920x1080 a 150% filin 1280x720 kawai yake bar maka, bai kai tsayin tsohuwar laftof mai 768 ba. Yanzu kowace taga da QT_SCALE_FACTOR=1.25 da 1.5, saitin da ke tilasta wa Qt ma'auni, nake fara gwada ta, domin 2 ba ya tona matsalar rabin fiksel.