Lambobin GPS a harkar haƙar bohal

Mu dai sana'armu haƙar bohal ce a nan Kano, ƙaramin kamfani ne, injin haƙa ɗaya da kwamfireso da yara masu aiki, muna zagaya ƙauyukan jihar har mu leƙa Jigawa da Katsina in aiki ya samu. Mutane suna zaton wahalar aikin nan dutse ne ko tsadar gas, eh suna ciki, amma akwai wani abu da ke cin kuɗin masu haƙa shiru-shiru wanda ba a cika maganarsa ba, wato lambobin nan na wuri da ake turo mana a waya, latitud da lonjitud.

Yadda abin yake, kafin mu kai inji sai mai binciken ruwa ya je ya auna ƙasa da na'urarsa ya ce ga inda za a huda, ya kafa turke, ya ɗauki lambar wurin da GPS ya saka a rahoto. To tsakanin ranar da ya auna da ranar da za mu iso wani lokacin wata biyu ne, turken yara sun cire ko shanu sun ture ko an yi noma a kai, abin da ya rage lambar ce kawai. Kuma yawancin ƙasar Kano dutse ne a ƙasa, ruwan yana cikin tsagar dutsen, ba kamar wajen Haɗeja da Borno ba inda yashi ne shimfiɗe, ka goce da mita ashirin sai ka huda busasshen rami, mai aiki ya ce kai ne ba ka iya ba.

Matsalar ita ce wuri ɗaya ana rubuta lambarsa kala uku. Akwai digiri da ɗigo kawai, kamar 11.7583, irin wanda Google Maps ke ba ka in ka danna wuri ka riƙe. Akwai digiri da minti, 11° 45.5', wanda yawancin na'urorin GPS na hannu ƙirar Garmin ke zuwa da shi daga kamfani. Sai kuma digiri da minti da sakan, 11° 45' 30", shi ne wanda aka koya mana a jogirafi. Duk ukun nan wuri ɗaya ne fa. Digiri ɗaya minti 60 ne, minti ɗaya sakan 60, in za ka mayar da minti zuwa ɗigo sai ka raba da 60, sakan kuma ka raba da 3600, shi kenan lissafin.

Inda ake faɗawa rami shi ne wani ya ga 11° 30' a takarda, wajen turowa a WhatsApp ya rasa inda alamar digiri take a kibod sai kawai ya buga 11.30. Alhali 11° 30' daidai yake da 11.50. Bambancin 0.2 ne, ka ga kamar ba komai ko? To digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, wato ya tura ka kilomita 22 daga inda ya kamata, wata ƙaramar hukumar daban ma. Ka yi tunanin tirela ɗauke da inji da bututu tana yawo a hanyar burji da damina. Shi ya sa duk lambar da ta shigo wayata abin da nake fara dubawa shi ne ko akwai abin da ya haura 59 bayan digirin, in akwai to na san ta ɗigo ce zalla, in babu sai na buga waya na tambaya, ba na yin ƙiyasi.

Juya lambobin ma yana faruwa. Latitud ake fara rubutawa sannan lonjitud, Kano tana wajen 12 arewa, 8.5 gabas, in ka juya su sai ka tsinci kanka wajen Ganye a Adamawa. Wannan da sauƙi, kowa zai gane.

Wanda ba kowa ke ganewa ba shi ne datum, wato tushen ma'aunin da ake ɗora lambobin wuri a kansa. Waya da GPS duk suna aiki da datum ɗin da ake kira WGS84, amma tsofaffin taswirori da takardun safiyo da yawa a Najeriya an yi su ne a kan datum na Minna, kuma tsakanin biyun akwai gocewar da ta kai kusan mita ɗari. A taswira wurin zai faɗo cikin ƙauyen da ake magana, komai ya yi kamar daidai, amma kana cikin gonar maƙwabci, kuma rigimar gona kun san ba wasa ba ce, sai an kai gaban dagaci. Haka masu safiyo sun fi son UTM, waɗancan dogayen lambobin na mita, su kuma sai an faɗi shiyya, don tsarin ya raba duniya shiyya-shiyya ne, Kano tana 32, Sakkwato 31, Maiduguri 33, lamba ba shiyya ba ta da amfani.

Rahotannin da ke zuwa daga Nijar kuma nasu salon daban, saboda tsarin Faransanci waƙafi suke sawa a madadin ɗigo, 13,50 maimakon 13.50, sai Google Maps ya rikice ya ce bai san wurin ba. Mu a Najeriya da Nijar duk muna arewa da gabas, babu ruwanmu da alamar ɗebewa, amma 'yan'uwanmu na zangon Kumasi suna yamma da layin Greenwich, inda lonjitud ke farawa daga sifili, wanda ya ratsa ta Tema a Ghana, don haka lonjitud ɗinsu da alamar ɗebewa ake rubuta shi, in suka manta alamar nan a gaban lonjitud sai wurin ya tsallaka can wajen iyakar Togo da Benin.

Ni a ganina masu bincike ne ya kamata su gyara, don wasu sai su ba ka lamba uku kacal bayan ɗigo, wannan faɗin mita ɗari da wani abu ne, filin ƙwallo guda kenan. Biyar muke so, ita ce ke kawo ka wajen mita ɗaya, duk da dai GPS na hannu shi kansa yana iya gocewa da mita uku zuwa biyar, ballantana a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Yanzu a takardar karɓar aikinmu mun saka gurbi, a rubuta lambar da tsarinta da datum ɗinta, a haɗo da hoton fuskar na'urar, sannan turken a zuba masa siminti a nuna wa mai unguwa. Wanda bai cike ba motarmu ba ta tashi daga gareji.