Hoton wani a ƙarƙashin sunan wani: abin da kula da PACS ya koya mini

A ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ɗakin saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai, da kalmar sirrin PACS, tsarin da ke adana hotunan marasa lafiya, ga wanda zai gaje ni. Takardar miƙa aiki ta ofis ba ta wuce lissafin na'urori da lambobinsu ba. Abin da ba ya shiga waccan takarda shi nake so in bar wa 'yan'uwa ma'aikatan ɗakin hoto, musamman ƙannenmu da aka ɗora wa kula da kwamfutoci a kan aikinsu na ɗaukar eksire.

Kuskuren da ya fi kowane muni a wannan aiki shi ne hoton mara lafiya ya faɗa ƙarƙashin sunan wani. Hoton da ya yi duhu ko ya karkace, kowa ya kalla zai gane, a sake. Hoton da ke ɗauke da sunan da ba nasa ba kuwa lafiya lau yake a ido: huhu ya buɗe, haƙarƙari sun fito ras, likitan hoto ya rubuta rahoto mai kyau a kan mutumin da ba shi ba ne. Mai tarin fuka ya tafi gida da takardar cewa ƙirjinsa ƙalau ne, mai lafiya kuma a ɗora shi a kan maganin wata shida.

Ga yadda abin yake faruwa, kusan kullum ta hanya ɗaya. A ƙa'ida, ana yi wa mara lafiya rajista a teburin karɓa, RIS, manhajar rajista da rahotannin sashen hoto, ta ba gwajinsa lamba, sannan sunansa da lambar katinsa da lambar gwajin su sauko kan injin ta jerin aikin da muke ce wa wokilis. Ma'aikaci ya taɓa sunan kawai, bai buga ko harafi ɗaya ba. To sai wuta ta ɗauke, janareta ta tashi, injin eksire ya dawo amma swic ɗin da ke haɗa shi da saba bai dawo ba, ko sabar tana kan tashi. Wokilis fanko. A waje mutum talatin na kan benci. Sai a ce a buga suna da hannu a ci gaba. Daga wannan lokaci duk katangar da aka gina ta faɗi, abin da ya rage shi ne yatsun ma'aikacin da ya gaji.

A asibitocinmu kuwa suna kaɗai ba ya bambance mutum. A rana ɗaya za ka iya samun Aisha Muhammad uku da Musa Ibrahim biyu. Ranar haihuwa ma ba ta ceto, domin duk wanda bai san tasa ba, 1 ga Janairu ake rubuta masa. Mutum ɗaya kuma yau Muhammad ne, gobe Mohammed, jibi Mamman. DICOM, ƙa'idar da hotunan asibiti ke bi a kwamfuta, tana jera suna ne a kan tsarin sunan iyali a gaba, sunan yanka a baya, da alamar ^ a tsakani, mu kuwa sunan mahaifi muke bi, sai wannan ma'aikaci ya sa Ibrahim^Musa, wancan ya sa Musa^Ibrahim, PACS ta ɗauke su mutum biyu. Idan injin ba a saita shi a kan ISO_IR 192 ba, wato tsarin haruffan da ke ɗaukar baƙaƙenmu masu lanƙwasa, wanda ya buga ɗ ko ƙ a suna irin Ɗanladi zai iya ganin alamar tambaya ta maye gurbin harafin a ɗaya ɓangaren. Abin dogaro ɗaya shi ne lambar katin asibiti, wadda ke zama a gurbin 0010,0020 na bayanan kai da ke tafiya da hoton. Ita ma da hannu, 6 da 0 a rubutun biro ƙanin juna ne.

Akwai hanya ta biyu da ba ta buƙatar a ɗauke wuta. An gama da mutum na farko, ba a rufe gwajinsa a kan injin ba, na biyu ya shigo ya tsaya, aka harba eksire. Ko kuma an taɓa layin da ke ƙasa da wanda ake nufi a wokilis. A CR, wato eksiren da ake ɗauka a kan kaset a kai shi injin karantawa, abin ya fi sauƙin faruwa: kaset uku a jingine jikin bango, an karanta lambar ɗaya a kan sunan mai ɗaya.

Idan an gano, abu na farko kada a goge komai. Hannu yakan yi saurin zuwa wurin gogewa saboda tsoro, amma wanda ya goge ya rufe hanyar gano wa abin ya shafa. A sanar da likitan hoto nan take ya dakatar da rahoto, idan kuma rahoton ya riga ya fita, a kira likitan da ya turo mara lafiya, da baki, ba da takarda ba. A killace gwajin a PACS yadda babu mai buɗe shi daga ɗakunan kwanciya. Sannan a nemo mutum biyun, domin kullum biyu ne: wanda hotonsa ya ɓata, da wanda aka jingina wa hoton da ba nasa ba, wanda wataƙila RIS ta nuna an gama da shi alhali bai ma shiga ɗakin ba. A mayar da hotunan ƙarƙashin lambar gwajin mai su. A koma kan injin da ya ɗauka a gyara can ma, in ba haka ba ranar da wani ya sake turo gwajin, tsohon sunan zai dawo. A duba ko an ƙona faifan CD ko an buga fim, a karɓo shi. Idan hoton sikanin ciki ne na altirasawun, a sani cewa injuna da yawa suna dasa sunan a cikin hoton kansa, gyaran bayanan kai ba ya cire shi. Daga ƙarshe a rubuta komai: awa, injin, wanda ya gano, wanda ya gyara. Kada kuma a sake harba wa mutum radiyeshin don kawai a huce da wahalar gyara, alhali hotonsa na nan.

Wurin da na fi jin ciwo shi ne abin da ke biyo baya. Takardar tuhuma tana sauka ne a kan wanda lambarsa ke jikin hoton, galibi ƙaramin ma'aikaci ko ɗan horo. Shugaban da ya leƙo ya ce layi ya yi tsawo, a buga da hannu, ba ya cikin kowane fayil, domin da baki ya faɗa. Takardun neman a sayi batirin UPS na swic ɗin, waɗanda suka yi watanni a kan tebur, babu mai tuno su a zaman kwamiti. An bar jaki ana dukan taiki. Illar wannan ta wuce ɓacin ran mutum ɗaya, domin sauran suna kallo, kuma abin da suke koya shi ne a gaba su yi shiru su goge. Sashen da ba a taɓa kawo rahoton irin wannan kuskure a cikinsa ba, ni ban yarda babu kuskuren ba. Shawarata ga mai riƙe da PACS: ka rubuta ƙa'idar abin da za a yi idan wokilis ta faɗi, shugaban sashe ya sa hannu, ka liƙa jikin kowane inji. Lambar kati daga katin kansa za a kwafa, mutum na biyu ya karanta ta da ƙarfi, a shigar da gwajin a littafin gaggawa, kuma da zarar saba ta dawo a daidaita kowane layi na littafin da RIS kafin a tashi daga aiki. Duk wata buƙatar gyara ka tura ta a rubuce, ka ajiye kwafinka mai hatimin karɓa. A teburin nan, a shekarun da aka bi wannan ƙa'ida, babu gwajin gaggawa da ya kwana ba a daidaita shi ba.

Tambayar mara lafiya ma tana da salo. Kada ka ce "Baba, kai ne Malam Musa?" Dattijon da bai ji sosai ba, ko wanda ya gaji da jira, zai ce e. Ka ce "Baba, faɗa mini sunanka da na mahaifinka," ka haɗa da katin da ke hannunsa. Alamar dalma ta R da L kuwa a ɗora ta kafin a harba. Wadda ake sawa da linzamin kwamfuta bayan an ɗauka, ra'ayin ma'aikaci ce kawai, kuma hoton dijital ana juya shi da taɓawa ɗaya.

Darasi na biyu shi ne ajiya. Hoton ƙirji ɗaya na DR, eksiren da ke shiga kwamfuta kai tsaye, yakan kai megabait 15 zuwa 20. Yanka ɗaya na CT, sikanin da ke ɗaukar jiki yanka-yanka, mai ɗigo 512 sau 512, rabin megabait ne, to gwajin mai yanka 1,000 ya kai megabait 500. Asibitin da ke yin irinsa 20 a rana yana cin gigabait 10 kullum, fiye da terabait 3 a shekara kafin matsewa. Ka yi wannan lissafi da naka adadin, ka kai wa hukuma tun faifan yana kashi 70, domin sayayya a asibiti ba ta sauri, kuma sabar da ta cika tana ƙin karɓar hoto ne da tsakar aiki. RAID, wato haɗa faifai da yawa su yi aiki tare a saba, ba kwafin ajiya ba ne. RAID 5 yana jure mutuwar faifai ɗaya, RAID 6 biyu, amma gobara ko ƙwayar cutar kwamfuta ko gogewar kuskure duka suke ɗauka tare. Kwafi na biyu ya zauna a wani gini daban, kuma duk wata ka ɗauko gwaji ɗaya daga cikinsa ka buɗe da idonka. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba a san ko yana nan ba. Haka kuma injin ya ce ya tura, ba ya nufin saba ta adana. Kafin a share faifan CT don samun wuri, a gwada adadin yankan da ke kan injin da na PACS.

Sai yawan harbi. A zamanin fim, idan ka wuce ƙima fim ya ƙone, ka ga laifinka. Dijital tana gyara hasken da kanta, hoton da aka yi wa harbi mai yawa ma ya fi tsabta, sai hannu ya riƙa ƙara mAs, wato yawan radiyeshin da ake harbawa, kaɗan-kaɗan ba wanda ya lura. Lambar DI, wadda ke nuna nisan harbin daga abin da aka nufa, ita ce ke tona wannan: sifili daidai ne, +1 ƙarin kusan kashi 26 ne a kan abin da aka nufa, +3 ninki biyu, -3 rabi. Ka fitar da waɗannan lambobi duk wata, inji-inji, ka fara da hotunan yara. Hotunan da aka ƙi ma kada su ɓace a kan injin, a ƙirga su, a san dalili.

Allon karanta hoto ba allon ofis ba ne. Megafiksel 3 ga eksire na yau da kullum, 5 ga hoton nono, a daidaita shi a kan GSDF, ma'aunin hasken allo na DICOM. Ka buɗe hoton gwaji na TG18-QC, ka nemi ƙananan murabba'an nan na kashi 5 da kashi 95. Idan ba ka gan su ba, likita ma akwai abin da ba ya gani a huhu. Hoton allo da waya a tura ta WhatsApp ba abin yanke hukunci ba ne, ga sunan mutum a kusurwa, alhali dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman.

Filashi kada ya shiga jikin injin, ko na wane ne. Kwamfutocin injuna da yawa tsohuwar Windows suke ɗauke da ita, ba a sabunta su sai da izinin kamfani. Cutar kwamfuta ta WannaCry ta watan Mayun 2017 ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, har da na'urorin hoto.

Agogon kowane inji ya bi na saba, in ba haka ba hoton bayan saka bututu zai hau gaban na kafin sakawa. Kaset ɗin CR da ya kwana biyu ba a taɓa shi ba, a wanke shi a injin karantawa kafin amfani. Lokacin hunturu a buɗe matatar iskar saba duk mako, ƙura ce ke toshe ta. Kowa da kalmar sirrinsa, wadda aka rubuta a jikin allo ba ta kowa ba ce.

Littafin nan mai baƙin bango da ke cikin durowar hagu, shi ne ke ɗauke da AE Title, wato sunan da PACS ta san inji da shi, da adireshin IP da lambar ƙofar kowane inji. AE Title ba ya wuce harafi 16, kuma babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinsa. Ƙofar galibi 104 ce ko 11112. Duk ranar da injiniyan kamfani ya zo ya sabunta manhaja, kafin ya fita daga ɗakin ka sa shi ya tura C-ECHO, saƙon gwada ko inji da saba suna jin juna, ya jawo wokilis, ya tura hoto ɗaya ka gan shi a PACS da sunansa daidai, sannan ka sa hannu a takardarsa.