Sauya wa hotuna 400 suna a tashi ɗaya

Lokacin haɗa takardun jarrabawar BEPC, wata makaranta a nan Damagaram ta kawo mini hotunan ɗalibai 400 a kile (USB), kowanne da sunan da kamara ta ba shi: IMG_0001.JPG, IMG_0002.JPG, har ƙasa. Ana son kowane hoto ya ɗauki lambar ɗalibi da sunansa. Na rubuta ƴan layuka da Python, wani yaren ba kwamfuta umarni: su karanta jerin sunaye daga Excel, os.rename, umarnin sauya sunan fayil, ya yi sauyin.

Kuskurena na farko shi ne dogara da jeri, hoto na ɗaya ga suna na ɗaya. Ashe an ɗauki yaro guda sau biyu don ya ƙifta ido, daga nan kowa ya ɗauki fuskar na gabansa. Kwamfuta ba ta san fuska ba. Dole na ƙara ginshiƙi a Excel, na rubuta tsohon sunan hoto a gaban kowane ɗalibi. Wannan ne ya ci lokaci, sauyin kansa ko minti ɗaya bai kai ba.

Excel ɗinmu na Faransanci yana raba ginshiƙan CSV (nau'in fayil ɗin da ake adana jerin don Python ya karanta) da alamar ; ne, ba waƙafi ba, sai ka faɗa wa Python haka. A Excel ka adana da zaɓin CSV UTF-8, a Python ka buɗe da utf-8-sig, in ba haka ba é da ɗ da ƙ za su dagule. Windows kuma ba ya karɓar / ko : ko ? a sunan fayil, don haka 2024/2025 sai ya koma 2024-2025.

Abin da ya fi ba ni tsoro masu suna ɗaya ne, ga su da yawa a kowane aji. A Windows os.rename zai tsaya ya yi ƙorafi, amma a Linux shiru zai danne hoton farko, ya tafi ke nan. Shi ya sa lamba ke gaba, da sifili: 007, 045. Ba sifilin nan, Python zai jera 10 kafin 2.

Yanzu ba na taɓa na asali, kwafi nake yi wa aiki. Zagayen farko print kawai, wato a nuna sunayen a allo ba a sauya komai ba, in bi layuka ashirin da ido ina buɗe hotunan. A na biyu, duk sunan da ya sauya ana rubuta tsoho da sabo a wani fayil nan take, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki in san inda aka tsaya.