Godiya ga duk wanda ya sa hannu a karatuna

Alhamdu lillahi. Ranar Alhamis saƙo ya shigo mini cewa na kammala darasi na 20, wato na gama rabin farko na digirin kimiyyar kwamfuta a University of the People, jami'ar nan ta Amurka da ake yi ta intanet. Ina zaune a shagona na gyaran waya kusa da babbar kasuwar Maraɗi a Nijar, da wayar wani a buɗe a gabana, sai na kasa ci gaba da aiki.

Na fara da malamina na lissafi na lise, wato babbar sakandare. Shekara 16 bayan na samu bak, takardar gama lise, na je masa da zancen komawa karatu, bai yi dariya ba. Ya jawo takarda muka zauna ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gidansa. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana nan kusa, amma wa zai riƙe shago da rana? Buɗaɗɗiyar jami'ar Najeriya tana da cibiya a Katsina, sai ya ce in haɗa kuɗin mota ta Ɗan Isa da Jibiya da kwana duk lokacin jarrabawa. Wadda na zaɓa ba ta karɓar kuɗin koyarwa, kuɗin jarrabawa ake biya kan kowane darasi, zango kuma mako 9 ne. Ya ce mini: "Ɗauki darasi ɗaya idan aljihu ya yi sanyi, amma ka sani da Turancin Ingilishi za ka yi, ba Faransanci ba." Wannan ne ya fi ba ni wuya, kuma malamin ne ya haɗa ni da wanda ya koya mini. Malam, Allah ya saka da alheri.

Yayana da ke Liyon a Faransa, shi ke biyan kuɗin jarrabawar da katinsa da dala, ni in kai wa Inna kuɗin da sefa. Bai taɓa tambayata lissafi ba.

Maƙwabcinmu na unguwar Ali Dan Sofo kuwa, ban san da bakin da zan gode masa ba. A 2023, lokacin takunkumin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ina tsakiyar darasin Java. Ya ja waya daga solarsa ta kan katanga har ɗakina, ya hana ƴaƴansa kallo da dare don kwamfutata ta cika.

Daraktan makarantar unguwarmu ya zauna ya tsare ni a jarrabawa sau da yawa, ko shayi bai yarda na saya masa ba.

Uwargida, ke kika san daren da na ce na bari. Kika ɗauko kuɗin adashinki kika sa mini data.

Saura darasi 20. Ranar Asabar bayan la'asar akwai ɗan fura da ƙosai a gida, duk ku zo.