Abin da zaman tsibirin Gore ya yi wa alƙalamina

Tsibirin Gore yana gaban birnin Dakar, a ƙasar Senegal. Tsawonsa bai cika kilomita ɗaya ba, faɗinsa kuwa kamar mita 300, mazaunansa ba su kai dubu biyu ba. Babu mota, babu kabu-kabu, ƙafa ce abin hawan kowa, daga liman har magajin gari. A can na yi ƴan shekaru ina aikin fassara da gyaran takardu a wata ƙungiya, a can ne kuma na ajiye rubutu da Faransanci na kama na Hausa. Matasan da ke kawo mini rubutunsu nan Maradi sukan riƙe baki idan na faɗa musu haka, wai yaya mutum zai je tsakiyar teku, inda babu mai jin Hausa, sannan ya dawo da ita a alƙalaminsa.

Ni ɗan lakwal ne, wato makarantar boko, na zamanin sambol, wancan ƙashi ko guntun icce da ake rataya wa yaron da bakinsa ya kuɓuce ya yi Hausa a cikin aji. Wanda ya kwana da shi, bulala na jiransa da safe. Muka taso a kan cewa Hausa ta gida ce da kasuwa, abin da zai hau takarda kuwa sai Faransanci. Da na zama mushe, wato malamin makaranta, sai na riƙa rubuta gajerun labarai ina aikawa gasa a Yamai da ƙasashen waje. Ina kuma tsara wa wata rediyo wasan kwaikwayo da Hausa, mata na saurare suna daka, samari na maimaita maganganun ƴan wasan a bakin tasha. Amma a wurin ƴan bokon lokacin, wannan wasa ne kawai. Marubuci shi ne wanda aka buga sunansa a Faris.

Ta ƙasa na tafi: Yamai, Wagadugu, Bamako, Kayes, Tambakunda, har Dakar. Ɗan Maradi ruwan da ya sani shi ne Gulbi, wanda ke zuwa da damina ya yi ta hauka, rani na kamawa ya bar mana yashi da fadama. Ranar da na shiga shalup, jirgin ruwan da ke kai mutane tsibirin cikin kamar minti ashirin, ban daina salati ba sai da ƙafata ta taka tudu.

Na sami ɗaki a gidan wata dattijuwa da nake ce wa Inna, ita kuma tana kirana ɗana. Gida ne na da, bango mai kauri da jan fenti da gishirin teku ya cinye, matakala ta katako, tsakar gida da bishiya ɗaya. A gidan akwai masu zuwa masallacin da ke gindin tudun Kastel, akwai masu zuwa coci, duk jini ɗaya. Da Ista Kiristoci ke dama ngalah su aika gidajen Musulmi, da layya kuma nama ya bi ta ɗaya hanyar. Da na ɗanɗana ngalah ɗin nan sai na ji gero ne da tunkuza mai laushi da garin ƴaƴan kuka, abubuwa uku da babu gidan da ba su a Maradi, amma ba mu taɓa haɗa su haka ba. Komai na tsibirin daga Dakar yake hayowa: shinkafa, gas, siminti, har ragunan layya, waɗanda yara ke kai wa bakin teku su wanke su tas kafin ranar salla.

Gore gari biyu ne a wuri ɗaya. Da hantsi jirgi zai juye ƴan yawon buɗe ido, anasara da baƙaƙen Amurka da ƴan makaranta, kowa da na'urar ɗaukar hoto a wuya. Yara su yi ta faɗawa ruwa suna tsinto kuɗin da ake jefa musu, mata masu sarƙoƙi da zannuwa su tare hanya, masu zane su baje kayansu a hanyar Kastel. Baƙin nan za su shiga gida ɗaya, su tsaya a ƙofa ɗaya, su ci kifi a bakin ruwa, kafin la'asar sakaliya sun koma. Sai gari na biyu ya fito. A fiddo tabarmi, a hura gawayin shayi, yara su kafa ƙwallo a filin da ɗazu ake ɗaukar hoto, tsofaffi su zauna suna lissafin wanda ya haihu da wanda ya tafi Ispaniya ta kwalekwale ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A nan ne na ji rigimar gado a kan gidajen da attajiran waje ke saye, na ji kukan yadda teku ke cin ganuwar tsibirin kowace shekara, na ji labarin Kumba Kastel, aljanar da suka ce ita ke tsaron garin, wadda ake ambatonta da irin sassauta muryar da tsofaffinmu ke yi idan za su ambaci Doguwa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da baƙon yini ke komawa gida da shi.

Gidan da suke zuwa gani shi ne Gidan Bayi, wanda aka gina wajen 1776. Saboda tarihin cinikin bayi ne UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Na tarar da Boubacar Joseph Ndiaye da ransa, dattijon da ya riƙe gidan shekaru masu yawa har rasuwarsa a 2009. Yakan tsaya a kan matakalar nan mai hannu biyu, ya ɗaga mari na ƙarfe sama, ya yi magana da murya mai ratsa ƙashi, ka ga ƙato yana sharar hawaye. A ƙasa akwai ɗakuna masu duhu, da wani lungu da ke kai wa ga ƙaramar ƙofa mai kallon teku. Fafaroma ya tsaya a wurin a 1992, Obama ma a 2013. Masana tarihi da dama sun ce bayin da aka fitar ta Gore ba su kai kusa da na tashoshi irin Wida ko Luwanda ba, har an yi ta ja-in-ja a kan haka. Ni dai na shiga lungun nan ni kaɗai bayan an watse, kuma ban ga abin da ƙidaya za ta rage daga nauyinsa ba.

Sai dai abin da ya hana ni barci daban ne. Mutanen Gore sun ware gida guda don a riƙa faɗin abin da ya faru, mu kuwa a ina muke faɗin namu? Bayan da sarakunan Katsina suka baro birninsu a zamanin jihadi, Ɗan Kasawa ya kafu a Maradi, an yi shekaru ana kai hari ana ramawa, kowane ɓangare na kamo mutane. Jikokin waɗanda aka kamo suna nan, an san gidajensu, ana tuna wa juna da raɗa idan maganar aure ta taso. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta laifin da ake hukuntawa, a 2008 kuma kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba Hadijatou Mani, wadda aka sayar baiwa tana yarinya, gaskiya a kan ƙasarmu. Wannan ba labarin jiragen Turawa ba ne, namu ne, kuma da wuya ka same shi a rubuce da harshen waɗanda abin ya shafa.

Akwai wani kango a tsibirin da nake yawan zama a gabansa, tsohuwar makarantar William Ponty, wadda ta zauna a Gore daga 1913 zuwa ƙarshen shekarun 1930. Nan Faransa ta horar da malamai da akawunan Afirka ta Yamma. Houphouët-Boigny ya bi ta nan, da Modibo Keita, da Diori Hamani, da Boubou Hama wanda ya fito a 1929 ya zama malamin makaranta na farko ɗan Nijar. Akan sa ɗaliban su rubuta al'adun garuruwansu, aure da biki da tatsuniya, da Faransanci, malami anasara ya duba ya ba da maki. Ina girmama mutanen nan ƙwarai, da ba su rubuta ba da abubuwa da yawa sun salwanta. Amma na gane cewa hanyar da aka ɗora su a kai ita muka gada: ka bayyana gidanku ga baƙo, ka fassara masa fura, ka yi masa bayanin kishiya, shi ne mai cewa ka iya ko ba ka iya ba.

Sai ga 2005. Fari da fara sun haɗu a daminar da ta gabata, hatsi ya yi tashin gwauron zabi. Wata rana da dare muna zaune gaban talabijin a tsakar gida sai na ji an ce Maradi. Aka nuna tantunan likitoci, jarirai a kan sikeli, uwaye sun yi jugum. Kwana da kwanaki ba a nuna komai na garinmu sai wannan. Inna ta juyo ta dube ni ta ce, "Ɗana, mahaifiyarka tana cin abinci kuwa?" Washegari matan unguwa suka haɗa kuɗi a ƙullin zane suka kawo mini. Har gobe ina yi musu addu'a.

Na je wurin buga waya na kira gida. Tsohuwata ta ce, "Hatsi na nan jibge a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu. Ƴan uwanmu na ƙauye sun koma ga anza." Ta shiga ba ni labarin yadda ƙanwarta ke yi: a tsinko ƴaƴan, a ɓare, a jiƙa, a riƙa zubar da ruwan ana sake wani kwana da kwanaki har ɗacin ya fita, sannan a dafa a ba yara da ɗan gishiri. Ta faɗa mini wanda ya sayar da akuyarsa ja da arha don tiya biyu ta gero, da wanda ya buɗe rumbunsa ya raba wa maƙwabta, da wanda ya rufe nasa yana jiran farashi ya ƙara hawa. Abin da talabijin ta nuna gaskiya ne, yaran nan sun mutu, Allah ya jiƙansu. Amma masu na'urar sun yi mana irin zuwan baƙin Gore: sun sauka, sun tsaya a ƙofa ɗaya, sun koma kafin a fiddo tabarmi.

A daren na fara rubuta labarin wata mata da rumbun mijinta, kuma da Hausa ya zo, don muryar tsohuwata ce ke cikin kunnena. Masu karatuna na farko mahauta ne. Duk wanda ya zauna Dakar ya san naman da ƴan Nijar ke gasawa a bakin titi, mutanen Tawa da Madawa da Konni da namu na Maradi. Ranar hutu nakan haye in je wurinsu don in sha Hausa, in rubuta wa wasu wasiƙa. Sai na fara karanta musu abin da na rubuta, suna yanka albasa suna saurare. Ba su da kara ko kaɗan. Wani dattijo a cikinsu ya tsayar da ni a tsakiyar shafi ya ce, "Malam, dakata. Macen da mijinta ya tafi cin rani ba ta buɗe rumbu da hannunta, ko yara na kuka. Sai ta aika wa wansa." Wani ya ce a garinsu ba haka ba ne, gardama ta kaure har nama ya kusa ƙonewa. Daga wannan gardamar labarin ya sami ƙashin bayansa, don duk abin da ke cikinsa ya koma kan wa ke da ikon buɗe rumbu. Babu alƙalin gasar da zai iya ba ni wannan gyara.

Da na dawo gida na ci gaba a kan haka, kuma ba zan ɓoye wa matasa wahalar da ke ciki ba. Masu buga littafin Hausa a Nijar ƴan kaɗan ne. Yawancin abin da ake karantawa a nan daga Kano yake shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, madalla da shi, amma ba ya ɗauke da lakwal da jaka da kwamanda, ba ya ɗauke da irin bakinmu. Da kuɗin aljihuna nake bugawa, in kai wa masu sayar da littattafai a kasuwa, wani ya biya, wani sai an yi ta sintiri. Mutane da yawa da ke son labarin ba su iya karatun boko ba, wanda ya yi lakwal kuma Faransanci aka koya masa, sai ka ga yana tuntuɓe da ƙ da ɗ. Shi ya sa yanzu nake karanta kowane babi da bakina in tura ta WhatsApp, kuma ta nan ne saƙonni suka fi zo mini, daga matan aure, da direbobi, da ƴan cin rani a Libiya da Aljeriya.

Aikin da ke gabana yanzu shi ne ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon garin Maradi a cikin kwari ta sa aka hau tudu aka sake gari. A takardun anasara layi kaɗan ne. Waɗanda suka gani da idonsu suna yara sun haura tamanin, kuma kowace shekara ana raguwa. Ina bin su gida-gida a Bagalam da Mokoyo da Limanci da Ƴandaka, ina ɗaukar muryarsu: wa ya ɗauki wa a kai, ina aka kwana a daren farko, yaya aka raba filaye a sabon wuri, wane gida ne ya ƙi tashi. Duk mai kaka ko kakan da ya ga wannan ruwa kuma yana iya magana, don Allah ya sanar da ni, zan zo har gida.