Wace ce matar nan mai rungume da farar dabba?

Ni fa kwana biyun nan wani zane ne ya hana ni sakat. Yana gidan tarihi na Czartoryski a birnin Krakow na ƙasar Poland, wata budurwa ce ta waiwaya gefe kamar an ƙwala mata kira, tana rungume da wata farar dabba mai kama da tunku. Leonardo da Vinci ne ya zana ta wajen 1490. To amma wace ce?

A saman zanen ta hagu an rubuta "La Bele Feroniere", ka ga mutum sai ya ce ai magana ta ƙare tunda ga suna nan ɓaro-ɓaro. Ina! Ba hannun Leonardo ba ne, can daga baya wani ya ƙara, ya rikita ta da wata matar da zanenta ke gidan tarihi na Louvre a Faransa, kai ko sunan mai zanen ma bai rubuta daidai ba, "D'Awinci" ya sa.

Dabbar ce ta fara tona asiri. Da Girkanci "gale" ake ce mata, wato farkon sunan Gallerani ke nan, kuma Cecilia Gallerani ita ce farkar Ludovico Sforza mai mulkin Milan, shi kuwa Ludovico a 1488 sarkin Naples ya ba shi lambar girma mai alamar wannan dabbar. Wato da wayo aka ɗora mata masoyinta a hannu. Mutanen da fa sun iya habaici wallahi.

Sai dai ni irin wannan hujjar ba ta cika min ciki ba, in ka so sai ka fassara komai yadda ya yi maka. Ko dabarar Giovanni Morelli, ɗan Italiyan nan da ya karanci likitanci ya ce in kana neman mai zane ka duba kunne da farce don nan ne hannu ke tafiya da kansa, tana da daɗin ji amma dai ido ne, ido kuwa yana ruɗuwa. Takarda nake so. Ko Mona Lisa an daɗe ana musu a kanta sai a 2005 aka tsinci ɗan rubutun Agostino Vespucci, wani ma'aikacin gwamnatin Florence, na 1503 a gefen wani littafi a Heidelberg ta Jamus, yana cewa Leonardo na zana Lisa del Giocondo.

Ita ma Cecilia akwai takarda. A 1498 Isabella d'Este, matar mai mulkin Mantua, ta rubuta mata wasiƙa tana neman aron zanen da Leonardo ya yi mata don ta gwada shi da aikin Bellini, wani mai zane na Venice. Cecilia ta aika, amma ta haɗa da ban haƙuri, wai yanzu bai yi kama da ita ba, kuma ba laifin mai zanen ba ne, tana yarinya aka yi shi, ita ce ta canza.