Jan biro da bangaskiya

Ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata jami'a a Arewa, kuma inda bangaskiyata ke shan gwaji ba wajen gardamar kimiyya da addini ba ne, kamar yadda 'yan'uwa a ikkilisiya suke zato. Wajen duba takardun jarrabawa ne.

Da zarar an gama jarrabawa sai waya ta fara ƙara. Masu roƙo iri-iri ne, amma mafi nauyi su ne waɗanda muke sujada tare. Wani dattijon ikkilisiyarmu ya same ni har gida a kan ɗansa da ya sami maki 36, alhali 40 ake nema. Bai kawo kuɗi ba, tauhidi ya kawo. Ya ce, "Ɗana, ai da alheri aka cece mu, ba da ayyuka ba. Kai ma ka yi wa ƙanenka alheri mana."

Maganar ta kama ni, domin ayar gaskiya ce, tana cikin Afisawa sura 2. Sai dai alheri kyauta ce da mai abu yake yi da abinsa. Allah da ya yafe mana, shi ya ɗauki nauyin, bai ɗora wa wani ba. Maki kuwa ba nawa ba ne, shaida ce nake bayarwa cewa yaron nan ya san abu kaza. In na ƙara masa huɗu, wa zai biya? Ɗalibar da ita ma ta sami 36 amma ba ta da dattijo, da kuma wanda wata rana zai sha maganin da yaron ya auna. Na ce, "Baba, makin ba zan taɓa ba, amma Asabar ɗina tawa ce, ya riƙa zuwa ina koya masa." Bai ji daɗi ba, har gaisuwarmu ta yi sanyi na wani lokaci.

Ayar da ta fi riƙe ni ita ce Littafin Firistoci 19:15. Kowa ya san an hana son kai ga mai girma, amma ayar ta hana har karkata wa matalauci a wajen shari'a. Wannan ya fi mini wuya, don tausayi shi ne ƙofar da ake shigo mini ta ita. Yakubu 3:1 ma ya ce masu koyarwa za su sha hukunci mafi tsanani. Masu koyar da Maganar Allah yake nufi, na sani, amma ban taɓa jin ta sake ni ba.

Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, wata takwas ba albashi, ya nuna mini wani gefen. Mai yunwa ba ya rasa hujjar tilasta wa ɗalibai sayen takardun darasi. Wanda ya ƙarfafa ni a lokacin abokin aikina ne Musulmi da muke ofis ɗaya, shi yana cewa amana, ni ina cewa wakilci a gaban Ubangiji, kuma dukanmu bashi muke ci a kantin unguwa.

Yanzu ina duba tambaya ɗaya a dukan takardu kafin in wuce ta gaba, ina ninke shafin da lambar ɗalibi take. Wanda ya faɗi kuma, nakan kira shi mu bi takardarsa layi-layi kafin sabon zango ya kankama.